Katsina United: kakar da ta faɗi, da yadda ake naɗa koci a ƙungiyar gwamnati

A watan Yulin 2022 aka rufe kakar 2021/22 ta gasar firimiya ta Najeriya, kuma cikin ƙungiyoyi huɗu da suka gangara rukuni na biyu har da Katsina United. Sauran ukun su ne Kano Pillars, Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. A kaka guda ke nan yankin Arewa maso Yamma ya rasa duka wakilansa biyu, ta yadda aka buga gasar 2023 babu ƙungiya ko ɗaya daga jihohi bakwai na yankin.

Wata biyu kafin wannan faɗuwa, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sanar da naɗa José Peseiro ɗan ƙasar Fotugal a matsayin kocin Super Eagles. Cikin mataimakan da aka ba shi akwai Salisu Yusuf, wanda Kano Pillars ta shiga kakar da shi, da Usman Abd'Allah, wanda ke jan ragamar Katsina United. Mutanen da hukumar ƙasa ta ga sun isa su horar da Victor Osimhen da Wilfred Ndidi, su ne aka damƙa wa ƙungiyoyin nan biyu, kuma duka biyun suka faɗi. Wanda ke son fahimtar abin da ke kayar da ƙungiya a Najeriya, daga nan ya kamata ya fara, domin a al'ada duk lokacin da sakamako ya lalace, sunan koci ake fara kira.

Ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe sau uku

An ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, ƙungiyar ƙwallonta kuma ta bayyana a 1994. Matasan da suka taso suka tarar da ita tana fafutukar tsira ba lallai su san cewa ta taɓa zama abin tsoro a gasar kofin ƙalubale ba. Sau uku a jere ta kai wasan ƙarshe: a 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta, a 1996 Julius Berger ta Legas, a 1997 kuma BCC Lions ta Gboko. Ba ta ɗauki kofin ba ko sau ɗaya, amma ƙungiyoyi kaɗan ne a tarihin gasar suka jera irin wannan zuwa. Daga nan ta dusashe, ta shafe shekaru a ƙananan rukunai, har aka fi saninta da sunan Spotlights.

A 2016, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka maido mata da sunan Katsina United, kuma a shekarar ta samu tikitin hawa babbar gasa tare da Gombe United, ABS ta Ilorin da Remo Stars. Laƙabin da aka san ta da shi tun lokacin, Chanji Boys, yana tuna wa duk mai saurare taken canji da jam'iyyar APC ta ci zaɓen 2015 da shi. Filin wasanta ma ya sauya suna a wannan zamani: filin Karkanda, wanda aka kammala a gwamnatin Ibrahim Shehu Shema kuma yake ɗaukar mutum kimanin 35,000, ya koma filin wasa na Muhammadu Dikko, don tunawa da sarkin da ya mulki Katsina daga 1906 zuwa 1944. Shugaban ƙungiyar na waɗannan shekaru, Aminu Balele Kurfi, ya zama ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi a zaɓen 2023. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai suna nuna abin da kowa ya sani: ƙungiyar da siyasar jihar a kwano ɗaya suke cin tuwo.

Lissafin da ke kayar da ƙungiya

Gasar tana da ƙungiyoyi 20, kowace na buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, huɗun ƙarshe a teburi su sauka. A takarda, tsarin kusan iri ɗaya ne da na Ingila. A fili kuwa akwai bambanci babba, domin a Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske. Kano Pillars ta shafe shekara 12, daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, ba a doke ta a gida ba a gasar, sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Ana iya kallon wannan a matsayin bajinta, ana kuma iya kallonsa a matsayin alamar gasar da mai masauki ke da rinjayen da ya wuce ƙima, kuma duka biyun gaskiya ne.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Daga Katsina zuwa Uyo, Aba ko Fatakwal tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kuma galibi a mota ake yinta, wani lokaci a buga wasa ranar Lahadi a sake bugawa ranar Laraba a wani ƙarshen ƙasar. Hanyar kanta haɗari ce: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. Sai kuma matsin da alƙalan wasa ke fuskanta a filin da jami'an tsaro ba su wadata ba, inda hanyar fita ɗaya ce kuma ta cikin magoya bayan masu gida ta bi.

Sakamakon wannan shi ne teburin da ke cunkushe. Tunda kusan kowa na cin wasanninsa na gida, tazarar da ke tsakanin ta tsakiya da ta kusa da ƙarshe ba ta da yawa. A Ingila ana cewa ƙungiyar da ta tara maki 40 ta kusa tsira. A Najeriya an sha ganin ƙungiya ta haura 40 kuma ta faɗi. Shi ya sa canjaras a gida yake zama kamar makoki: maki biyu ne suka salwanta, kuma ba a sa ran a maido su a waje. Mafi yawan rikicin 'yan kallo da mafi yawan wa'adin da ake ba koci, bayan irin wannan canjaras suke zuwa.

Kakar 2021/22

An fara kakar a tsakiyar Disambar 2021. Katsina United ba ta ji daɗin farkonta ba, kuma ana cikin tafiya aka ɗauko Usman Abd'Allah don ya ceto ta. Ba baƙo ba ne a harkar. Ɗan Kano ne da ya daɗe a Faransa, shi ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a gasar Confederation ta Afirka a 2018, inda Raja Casablanca ta fitar da ita, kuma shi ya ci mata gasar Najeriya a 2019. Idan ana maganar takardun shaida da tarihin aiki, da wuya ƙungiyar da ke ƙasan teburi ta samu wanda ya fi shi a lokacin.

Ranar da aka fi tunawa a kakar ta zo a watan Afrilun 2022, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Pillars ta daɗe tana karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna, tun bayan da aka mayar da filinta cibiyar killace masu cutar korona, kuma wasanta da Katsina United shi ne dawowarta gida. Ƙungiyoyin biyu duk suna cikin matsi. Ana saura minti kaɗan a tashi, babu wanda ya ci wani, sai rikici ya ɓarke, aka dakatar da wasan, aka farfasa motar Katsina United. Kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin, LMC, ya ci Pillars tarar naira miliyan 9, ya ba da umarnin a kwashe mata maki uku, ya kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A watan Yuni kamfanin ya sake hukunta Pillars, ya kori shugabanta daga harkokin gasar saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada.

Magoya bayan Katsina suna da dalilin jin an zalunce su a wannan rana, amma gaba tsakanin ƙungiyoyin ta girmi 2022, kuma filin Muhammadu Dikko ma ya sha shiga rahoton hukunci, ciki har da hargitsin da ya biyo bayan wasa da Enyimba a 2017. Abin da ya fi muhimmanci ga lissafi shi ne, makin da aka kwashe wa Pillars bai shiga aljihun Katsina ba. Maƙwabtan biyu suka riƙa jan juna ƙasa har ƙarshen kaka, yayin da Rivers United ta lashe gasar da maki 77.

A kudancin jihar, kakar ta zo a wani yanayi da ƙwallo ba ita ce a gaban mutane ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta fitar da dokar ƙuntata wa 'yan bindiga, wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, kuma an ɗauki watanni kafin su dawo. Wannan duk bayan sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Matashi a Tafoki, cikin ƙaramar hukumar Faskari, ya fi kusa da Funtuwa da Zariya fiye da birnin Katsina. Zuwa kallon wasan ƙarfe huɗu a babban birnin jihar yana nufin kwana a can, domin ba mai hankalin da zai biyo waɗannan hanyoyi bayan magariba. A gidan kallo kuwa, Arsenal da Real Madrid ake nunawa, tunda wasannin gida ba kasafai suke zuwa talabijin ba. Duk da haka, ƙungiyar tasa ce ta hanyar da ta fi kowace ƙarfi, wato da kuɗin jiharsa ake tafiyar da ita.

Yadda ake neman koci

Daga hawanta babbar gasa a 2016 zuwa yau, kujerar kocin Katsina United ta ga Bala Nikyu, wanda ya hau da ita, da Abdullahi Biffo, Henry Makinwa, Azeez Mohammed, Tony Bolus da Usman Abd'Allah. Wasu daga ciki sun tafi sun sake dawowa. A Kano ma haka abin yake: Kadiri Ikhana, Mohammed Babaganaru da Ibrahim Musa duk sun riƙe Pillars fiye da sau ɗaya. Kasuwar masu horarwa a Najeriya ƙarama ce, mutum ashirin zuwa talatin ne ke zagayawa tsakanin ƙungiyoyi, wanda aka sallama a Bauchi a bara shi ne mai ceto a Lafiya a bana.

A ƙa'ida, akwai sharuɗɗa. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana ba da lasisin horarwa a matakai, C da B da A, kuma dokokin rajistar ƙungiyoyi sun tanadi cewa wanda zai jagoranci ƙungiyar babbar gasa ya mallaki lasisin da ya dace. Da yawa daga masu horarwar ƙasar sun kuma bi ta Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Sai dai kwasa-kwasan manyan lasisin ba kullum ake buɗe su a Najeriya ba, kuma wannan na daga abin da ya hana sababbin jini shigowa, ya bar tsofaffin sunaye suna juyawa.

A aikace, a yawancin ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi suka mallaka, tafiyar takan kasance kamar haka. Gwamna ne ke naɗa shugaban ƙungiya da 'yan hukumar gudanarwa. Ƙungiyar tana ƙarƙashin ma'aikatar matasa da wasanni, kuma daga baitulmalin jiha albashi da kuɗin tafiye-tafiye suke fitowa. Idan wasanni suka fara lalacewa, hukumar gudanarwa kan ba koci wa'adin wasa biyu ko uku. Idan bai cika ba, a dakatar da shi ko a ce ya koma gefe, a ɗora mataimakinsa riƙon ƙwarya. Kalmar dakatarwa tana da amfaninta: wanda aka kora yana da haƙƙin a biya shi sauran kuɗin kwantiraginsa, wanda aka dakatar kuwa ana iya barinsa a rataye har ya gaji ya ajiye aikin da kansa. Daga nan sai wakilai da masu faɗa a ji su fara kai sunaye. Ba kasafai ake tallata gurbin ba, ba kasafai ake bayyana ma'aunin da aka bi ba, kuma abin da jama'a ke gani shi ne hoton ranar gabatarwa, ana riƙe da riga ana murmushi.

Akwai kuma wani ruɗani na muƙamai. Ƙungiya ɗaya takan samu mai ba da shawara kan dabarun wasa, da babban koci, da daraktan wasanni, kuma ba kullum ake fayyace wanda ke da ikon fitar da sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya ba. Wanda aka ɗauko a tsakiyar kaka yana tarar da 'yan wasan da wani ya saya, wasu ma ba koci ne ya kawo su ba. Damar da yake da ita ta gyara ita ce kasuwar musayar 'yan wasa ta tsakiyar kaka, idan kuɗi sun fito a kan lokaci. Yawancin 'yan wasan gasar kwantiragin shekara ɗaya ko biyu suke sa wa hannu, don haka kowace kaka kusan sabon gini ake farawa.

Batun kwantiragi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan kuɗin jama'a ke zurarewa ba tare da an lura ba. A Disambar 2021, watan da aka fara wannan kaka, NFF ta sallami Gernot Rohr daga Super Eagles. Ya kai ƙara FIFA, aka umarci hukumar ta biya shi kusan dala dubu 380. Kocin gida ba kasafai yake da ƙarfin zuwa Zurich ba, sai dai ya kai kuka kwamitin sasanci na NFF, inda ƙorafin bashin albashi da na kuɗin sa hannu suka daɗe suna taruwa. Ko ta wace hanya aka bi, sallamar koci kafin wa'adinsa na nufin ɗaya daga biyu: ko a biya mutum biyu kuɗin kujera ɗaya, ko a danne wa ɗaya haƙƙinsa. Na biyun ma yana da farashi, domin masu horarwa suna magana da juna, kuma ƙungiyar da ta yi suna wajen riƙe haƙƙi ba ta samun wanda take so sai wanda ba shi da zaɓi.

Shin sauya koci na magani?

An yi nazarin wannan tambaya a Turai, inda alƙaluma suka wadata. Masanin tattalin arziki Bas ter Weel ya duba gasar Holan daga 1986 zuwa 2004, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci bayan jerin munanan sakamako da waɗanda suka shiga irin wannan hali amma suka haƙura. Abin da ya samu shi ne duka rukunin biyu sun farfaɗo daidai wa daida. Dalilin mai sauƙi ne: ana korar koci ne a lokacin da ƙungiya ta kai maƙurar lalacewa, kuma daga maƙura babu inda za a nufa sai sama, ko an sauya ko ba a sauya ba. Sabon koci sai ya kwashi yabon abin da zai faru ko ba shi.

A Najeriya, ƙungiyoyin da suka ɗauki kofi a 'yan shekarun nan suna ba da irin wannan darasi ta wata fuska. Rivers United, wadda aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe Sharks da Dolphins, ta riƙe Stanley Eguma tun daga ranar farko. Ya zo na biyu a kakarsa ta farko, ya yi shekarun da ba su yi armashi ba, aka bar shi, sai a 2022 ya kawo kofin. Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta hau tare da Katsina United a 2016 kuma ta faɗi a kakarta ta farko, ta gina filinta da makarantar horar da yara a Ikenne, ta ba Daniel Ogunmodede lokaci. Ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024, ya ci gasar a 2025.

Kada a ɗauka cewa mallakar ɗan kasuwa ita ce maganin komai. MFM ta cocin Mountain of Fire ce, ba ta gwamnati ba, kuma tare da Katsina ta faɗi. Rivers United kuwa ta gwamnati ce, kuma wani ɓangare na nasararta ya zo ne daga gwamnan da ya buɗe bakin aljihu: Nyesom Wike ya yi wa kowane ɗan wasa kyautar dala 20,000 bayan cin kofin. Abin da Rivers da Remo suka haɗu a kai shi ne kuɗin da ke zuwa a kan kari da shugabancin da ba ya sauyawa duk bayan wata shida. Koci na daga cikin dalilan nasara ko faɗuwa, amma shi kaɗai ne a jerin wanda za a iya cirewa da takarda ɗaya, ba tare da an taɓa wanda gwamna ya naɗa ba. Hausawa na da sunan wannan: a bar jaki a doki taiki.

Kuɗin wa ake kashewa

Ƙungiyar gwamnati ba ta rayuwa da kuɗin tikiti. A filaye da yawa kuɗin shiga kaɗan ne, wani lokaci ma a buɗe ƙofa kyauta don a cika fili. Kuɗin talabijin, wanda shi ne jinin gasar Ingila, ya daɗe yana yankewa a Najeriya tun bayan da SuperSport ta janye. Kyautar zakara ta kai naira miliyan 100 a 2023 lokacin da Enyimba ta ci, ta ƙaru zuwa miliyan 150 a shekarar da ta biyo baya, amma ƙungiya ɗaya ce ke ɗauka cikin ashirin. A gefe guda, a zamaninta LMC ta ƙayyade naira 150,000 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashin ɗan wasa. A ninka wannan da 'yan wasa talatin ko fiye, a ƙara masu horarwa, ma'aikata, otal, man mota da alawus na tafiya 19, za a ga cewa ɗawainiyar kaka ɗaya ba ƙaramar magana ba ce ga jihar da ke fama da matsalar tsaro da ta makarantu.

Hanyar samun kuɗi da ta rage ita ce sayar da 'yan wasa zuwa ƙetare, kuma a nan ne ya fi dacewa a sa ido. Dokokin FIFA sun ba ƙungiyar da ta raini ɗan wasa haƙƙin diyyar horarwa, da kuma kaso daga kashi biyar cikin ɗari na kuɗin duk cinikin da aka yi da shi tsakanin ƙasashe daga baya. Ƙungiyar da ba ta da rukunin matasa mai rajista, ko ba ta ajiye takardu, ba ta da abin da za ta nema. Wadda ke da su kuma, tambayar ita ce a wane asusu kuɗin suka sauka.

Waɗannan ba asirai ba ne a doka. Kasafin jiha takarda ce ta jama'a, kuma abin da aka ware wa ma'aikatar wasanni yana ciki. Majalisar dokokin jiha, inda Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa duk suke da wakilai, tana da ikon kiran shugabannin ƙungiyar su yi bayani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardu, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Mai son sanin dalilin faɗuwar ƙungiya zai fi ƙaruwa da takardu uku fiye da muhawarar rediyo kan tsarin 4-3-3: kwantiragin kocin da aka sallama da abin da aka biya shi, jadawalin ranakun da albashi ya shiga asusun 'yan wasa a kakar, da lissafin kuɗin cinikin 'yan wasa. Akwai kuma tambayar da ta fi shafar kudancin jihar, wato nawa ne daga kuɗin wasanni ke isa filayen Funtuwa, Malumfashi da Faskari, inda yaran da za su sa rigar ƙungiyar gobe suke buga ƙwallo a kan tsakuwa.

Bayan faɗuwa

Gasar da Katsina United ta bari ba ita ta dawo ta tarar ba. A Satumbar 2022 ma'aikatar wasanni ta tarayya, ƙarƙashin Sunday Dare, ta janye amincewarta da LMC ta Shehu Dikko. A ƙarshen watan aka zaɓi Ibrahim Musa Gusau shugaban NFF, aka kuma kafa kwamitin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye don ya tafiyar da gasar.

A rukuni na biyu, wanda masu sharhi a rediyo ke kira gasar 'yan dagaji, Katsina United ta yi abin da ba kasafai ake yi ba: ta bar kocin da ta faɗi da shi. Usman Abd'Allah ya kai ta gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a filin Stephen Keshi na Asaba a tsakiyar 2023, inda ta samu tikitin dawowa tare da Kano Pillars, Heartland da Sporting Lagos. Wannan ya zo makonni kaɗan bayan rantsar da Dikko Umaru Radda a matsayin gwamna, a ranar 29 ga Mayu.

Ko a Katsina ko a Kano, wanda ya hau da ƙungiyar ba shi ya shiga sabuwar kakar da ita ba. Tony Bolus ya karɓi Katsina United, Abdu Maikaba ya karɓi Pillars daga hannun Evans Ogenyi. Dukansu sun tsira a 2023/24, yayin da Heartland da Sporting Lagos suka ƙare a cikin huɗun ƙarshe. Da kakar ta ƙare Maikaba ya bar Kano, Pillars ta sake shiga neman koci, ta ɗauko Usman Abd'Allah, mutumin da ke jagorantar Katsina United a ranar da aka farfasa motarta a Ƙofar Mata. Kafin kakar 2024/25 ta ƙare, hukumar gudanarwar Pillars ta dakatar da shi na ɗan lokaci, kuma da aka shiga ta gaba Ogenyi ne a kan kujerar.